Ma'aunin Alaƙa da Layin Hasashe a Binciken Harshe da Al'ada

1.0 Gabatarwa

Kundayen bincike a fannin harshe da al'ada sun fara cika da alƙaluma. Ɗalibi kan raba takardun tambayoyi, ya zuba amsoshin cikin manhajar SPSS, ya samu lamba guda, daga nan ya yanke hukuncin cewa abu kaza ne ya haddasa abu kaza. Wannan maƙala za ta duba dabaru biyu na ilimin ƙididdiga domin fayyace iyakar abin da suke iya tabbatarwa.

2.0 Ma'aunin alaƙa

Wannan ma'auni, wanda ake rubutawa da harafin r, masanin nan na Ingila Karl Pearson ne ya daidaita lissafinsa a shekarar 1896. Ƙimarsa ba ta wuce tsakanin -1 da +1. Idan ta kusanci +1, abubuwa biyun suna hauhawa tare. Idan ta kusanci -1, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. Sifiri kuwa na nufin babu alaƙa mai bin miƙaƙƙen layi, ko da akwai wata alaƙar mai lanƙwasa.

3.0 Layin hasashe

Shi wannan layi ana zana shi ne da tsarin y = a + bx, inda b ke nuna yawan sauyin y duk lokacin da x ya ƙaru da ɗaya. Ana zaɓar layin da ya fi rage jimillar murabba'in tazarar da ke tsakaninsa da ɗigogin bayanai, dabarar da Legendre ya wallafa a Faransa a 1805. A 1886 Francis Galton ya kwatanta tsayin iyaye da na 'ya'yansu baligai 928. Ya gano cewa 'ya'yan dogaye dogaye ne, sai dai fifikonsu a kan matsakaicin tsayi kusan kashi biyu cikin uku ne na fifikon iyayensu. Wannan komawa zuwa matsakaici ita ce asalin sunan dabarar a Ingilishi.

4.0 Tarkuna biyu

Na farko shi ne dogaro da lamba ba tare da zana hoton bayanai ba. A 1973 Francis Anscombe ya tsara rukunan bayanai huɗu, kowanne da ɗigo 11. Dukkansu sun ba da r na kimanin 0.82 da layi iri ɗaya, wato y = 3 + 0.5x. Da aka zana su, sai ga ɗaya a lanƙwashe, wani kuma ɗigo guda tal ne ya samar da alaƙar baki ɗaya.

Na biyu shi ne ɗaukar alaƙa a matsayin dalili. A ƙaddara mai bincike ya ga cewa masu yawan kallon finafinan Kannywood sun fi amfani da kalmomin aro. Mai yiwuwa ƙuruciya ko zaman birni ne ke jan abubuwan biyu tare, alhali r ba ta iya bambance wannan.

5.0 Kammalawa

Ya kamata mai bincike ya fara zana ɗigoginsa kafin lissafi, ya bayyana adadin mutanen da ya tuntuɓa, ya kuma guji hasashe a wajen iyakar bayanan da ya tattara. Mai duba kundi kuma yana da haƙƙin tambayar wane abu na uku aka yi la'akari da shi kafin a rubuta kalmar "haddasa".