Gamba da Jema: Saiwar da Ke Riƙe Gona

Duk daminar da kwari ya cinye gona ko ya yanke hanya a Gombe, magana ɗaya ake ji: a dasa bishiyoyi. Sai a kafa rumfa, babban baƙo ya zuba wa tsiro ruwa, a ɗauki hoto, a watse. Ba na ƙin bishiya. Abin da ke damuna shi ne yadda muka mayar da ciyawa datti, alhali wajen riƙe ƙasar sama, wadda ita ce abincin shuka, ta fi bishiya aiki.

Ka tumɓuke tushen gero ɗaya ka duba. Ba za ka ga uwar saiwa guda mai nutsawa ƙasa kamar ta gawo ba. Saiwoyi ne sirara barkatai, duk daga gindin kara suke fitowa, sun cukuikuye da juna, kuma sai sun taho da dunƙulen ƙasa. Haka dawa, haka masara da shinkafa. Saiwar gawo turke ce, ta kafe wuri guda tana neman ruwa can ƙasa. Ta ciyawa kuwa koma ce ta masunta da aka shimfiɗa a cikin ƙasa. Magini ya fi kowa sanin wannan: ba ya soka sanda cikin kwaɓi don kada tubali ya tsage, ramno yake cuɗawa a ciki. Ruwa na iya zagaye turke ya kwashe ƙasar gefensa, har ka ga bishiya tsaye a bakin kwari saiwoyinta a waje. Koma fa, ta ina zai zagaye ta?

Kakanninmu ba don ado suke barin gamba da jema a iyakar gona ba. Layin ciyawar yana rage gudun ruwa, ya tace laka, ga zana kuma a kaka. 'Yar'uwar jema ta ƙasar Indiya, wadda ake shukawa a ƙasashe da dama don tare zaizaya, saiwarta kan nutsa mita 3. Mu kuwa mun nome iyakokin don ƙarin kunya biyu, abin da ya rage mu cinna masa wuta da rani.

Tun 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa ganuwar itatuwa a yankin Sahel. Madalla. Amma tsiron bishiya sai ya shekara da shekaru, in ma awaki sun bar shi, kafin ya tare komai. Tushen gamba da aka raba aka dasa farkon damina, kafin kaka ya kama ƙasa.