Ina Mutanenmu Ke Zuwa, Ina Kuɗinmu Ke Kwana?

Da zarar an gama girbi, tashoshin mota na Birnin Kebbi da Argungu kan cika da samari masu tafiya cin rani. Wasu su nufi Legas, wasu Ibadan ko Abuja, su yi dako, gadi ko sayar da kayan miya. Mai kallo zai ce gari ya yi asara. Amma a duba inda kuɗinsu ke zuwa: da yawa suna aiko da shi gida, a sayi taki, a biya kuɗin makaranta, a yi rufin kwano. Mutum ya fita, kuɗi ya shigo.

Wani lokacin kuma mutum yana gida, kuɗin ne ke fita. Fadamar Rima tana ba mu shinkafa damina da rani. Idan manomi ya sayar da shanshera, aka kai ta wata jiha aka casa, ladan casa da na zubawa a buhu duk can suke tsayawa. Shi ya sa masana'antun shinkafa irin su Labana a Birnin Kebbi, da WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, suke da amfani. Aikin yana nan gida, albashin ma nan ake cinye shi.

Baƙi su ma suna kawo nasu. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, ma'aikata suka riƙa tarewa a Birnin Kebbi, masu gidajen haya da 'yan kasuwa suka samu ciniki. Ɗaliban Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 sun ƙara yawan masu saye. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934, yakan cika bakin Matan Fada da masu kallo, sai dai cinikin na 'yan kwanaki ne. Rufe iyakoki a 2019 kuwa ya nuna wa 'yan kasuwar Kamba yadda ciniki ke mutuwa idan hanya ta toshe.

Don haka ƙidaya masu fita da masu shigowa kaɗai ba ta isa a gane arzikin gari ba. Sai an bi sawun kuɗin. Ɗan'uwa ɗalibi, tambayi iyayenka yau: abin da muke ci a gidan nan, daga ina kuɗinsa ya zo, kuma nawa daga ciki ke kwana a garinmu?