Ruwan Sha da Lafiyar Jama'a a Birnin Katsina

Tun shekarun 1970 madatsar ruwa ta Ajiwa, da ke Ƙaramar Hukumar Batagarawa, take shayar da birnin Katsina. Sai dai tace ruwa a Ajiwa bai wadatar ba. Kafin ya isa randa sai ya ratsa bututu, ya bi unguwanni, wani lokaci ya shiga jarkar ɗan ga-ruwa. Ko'ina aka yi sakaci, aikin baya ya ɓaci.

Ga misali. Idan bututu ya fashe a cikin kwata, duk lokacin da aka ɗauke ruwa sai ya zuƙi ƙazanta, wadda za ta fito a famfon gidaje idan ruwa ya dawo. Haka kuma shara kan toshe magudanai da damina, ambaliya ta kwashi najasa zuwa rijiyoyi. Ta irin waɗannan hanyoyi cutar amai da gudawa ke yaɗuwa, kamar yadda ta addabi Jiharmu a 2010 da 2021.

Saboda haka aikin Hukumar Ruwa, da na duba-gari, da na ma'aikatan lafiya abu guda ne. Asibitin da ya ga masu gudawa sun yawaita daga unguwa ɗaya ya sanar a binciki ruwanta.

Ana kira ga dagatai da masu unguwanni su kai rahoton fashewar bututu da wuri, su jagoranci yashe magudanai kafin ruwan sama ya sauka. A birni ko ƙauye, a nisanta masai da rijiya da aƙalla mita 30.