Ɗanki Ya Fara Ɗaga Ƙarfe? Ga Abin Da Tsamin Jikinsa Ke Nufi

Uwargida, wataƙila kin ga yaronki ya dawo daga wurin ɗaga ƙarfe garau, amma washegari ko sunkuyawa sai da dabara. Kada hankalinki ya tashi tukuna. Wannan tsamin jiki yakan fara bayan awa 12 zuwa 24, ya tsananta cikin kwana biyu zuwa uku, sannan ya lafa da kansa.

Aiki mai nauyi yana ɗan yayyaga zaruruwan tsoka, musamman lokacin sauke ƙarfen, ba lokacin ɗaga shi ba. Daga nan sai wani sinadari da likitoci ke kira CK ya tsiyayo cikin jini, kuma da shi ake auna girman ɓarnar. Babban abin da ke ɗaga shi sama shi ne jimillar aikin: nauyin ƙarfe, sau nawa aka ɗaga, zagaye nawa aka yi. Hutu tsakanin zagaye yana da nasa amfani, minti biyu zuwa uku idan ƙarfen mai nauyi ne, sai dai ba ya goge aikin da ya wuce kima. Hutun da samari suka fi rainawa shi ne na kwanaki: tsokar da aka wahalar yau a bar ta kamar awa 48. Sabon shiga ne ya fi jin jiki, domin tsoka tana sabawa bayan karon farko. Matsalar ita ce sabon shiga ne kuma ya fi son nuna wa abokai bajinta.

Inda ya kamata ki sa ido shi ne fitsari. Idan ya koma kamar ruwan shayi ko lemon kwalba baƙi, ga kumburin tsoka da kasala mai tsanani, to tsokar ta zubo da sinadarin da ke iya lalata ƙoda. A tafi asibiti ranar, kada a jira gobe. Zafin rana da ƙarancin shan ruwa suna ƙara haɗarin, haka ma ga mai jinin AS, wanda muke da shi da yawa a gidajenmu. Kuma kada ki miƙa masa ibuprofen ko diclofenac a wannan hali, domin suna ƙara wa ƙodar nauyi.