Kuka Sau Dubu, Ciwo Ɗaya

Ɗalibai da yawa na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi suna zaune a unguwar Wuro Patuji, kuma a shagunan kwamfuta suke buga takardunsu. To, akwai wata cuta da kan kama waɗannan na'urori a ɓoye, ba a farga sai ran da aikin ɗalibi na ƙarshen shekara ya ƙi ajiyuwa.

Kowace kwamfuta tana da kundin da take rubuta duk abin da ya same ta. Idan wayar injin buga takarda ta saki, ko faifan ajiya ya soma lalacewa bayan ɗaukewar wuta, sai ta dinga rubuta kuka ɗaya sau dubbai, wani lokaci har kundin ya cinye wurin ajiya.

Waɗansu masu shago sukan share kundin su huta. Wannan ganganci ne, gama gobe zai sake cika. Gwanayen gyara sukan koma can farko, su nemi layin da ya riga maimaicin, su duba lokacinsa. Nan ciwon yake.

Ba ƙananan shaguna kaɗai ba. Ran 28 ga Maris 1979, a tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka, ƙararrawa fiye da 100 suka tashi cikin 'yan mintoci, injin buga saƙonnin ya kasa cim musu. Ashe bawul ɗaya ne ya maƙale a buɗe, kuma sai da aka wuce sa'a 2 kafin a toshe hanyarsa.