Nagamaci: Unguwar Samurai A Japan Da Ake Sa Wa Katangunta Rigar Sanyi



Duk shekara, da zarar watan Disamba ya kama, masu aikin lambu a birnin Kanazawa na ƙasar Japan sukan fito da tabarmin karan shinkafa da igiyoyi, su bi wata tsohuwar unguwa layi-layi suna lulluɓe katangunta. Ba a kwance tabarmin sai tsakiyar Maris. Katangun nan kuwa na ƙasa ne, irin wanda duk ɗan Arewa ya tashi ya gani a gidan kakansa. Sunan unguwar Nagamaci, kuma nan ne mayaƙan da ake kira samurai suka zauna da iyalansu shekaru aru-aru.

Na leƙa unguwar ne a wata tafiya da na raka wani ɗan uwa mai harkar injinan mota na tokunbo. Tun da na dawo ake ta tambayata: su waye samurai ɗin nan da muke gani a fim? Kuma yaya aka yi katangar ƙasa ta kai yau a tsaye, a garin da ruwan sama da dusar ƙanƙara ba sa ɗaga ƙafa? To bari in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Su waye samurai, me ya tara su a unguwa guda?

A fim dai kullum takobi ake nuna mana. Amma a zamanin da aka gina Nagamaci, samurai ya fi kama da ma'aikacin gwamnati mai cin albashi. A ƙarshen ƙarni na 16 masu mulkin Japan sun raba mayaƙi da manomi. A 1588 shugaba Toyotomi Hideyoshi ya sa aka karɓe makamai daga hannun manoma, su kuma mayaƙa aka riƙa taso su daga ƙauyuka ana zaunar da su a gindin fadar ubangidansu, inda ido zai riƙa kai wa gare su. Daga 1603 zuwa 1868, lokacin mulkin gidan Tokugawa, yaƙi ya yi ƙaranci ƙwarai. Sai jikokin mayaƙan suka koma masu riƙe littafin haraji, alƙalai, masu gadi da magatakarda, ga takubba biyu a ɗamare amma alƙalami ne ke aiki.

Shi Kanazawa gari ne na gidan sarautar Maeda. Kakansu Maeda Toshiie ya shiga garin a 1583, zuriyarsa kuma suka riƙe shi kusan shekara 290. A wancan zamani da shinkafa ake auna arzikin mutum, da wani ma'auni da suke kira koku. Koku ɗaya ya kai wajen kilo 150, wato abin da aka ƙiyasta mutum guda zai ci a shekara. Mu ce buhu uku na kilo 50, irin wanda ake saukewa a Mile 12 ko Bodija. Ƙasar gidan Maeda an yi mata kuɗin goro a kan koku sama da miliyan ɗaya a shekara. Ka buga lissafi da kanka: buhu miliyan uku ke nan da ɗoriya. In ka cire su Tokugawa, babu gidan sarautar da ya kai su a duk Japan.

Wannan arziki shi ne kuma matsalarsu, don mai mulki ba ya barci in talakansa ya yi ƙarfi da yawa. Sai gidan Maeda suka ɗauki hanyar nuna cewa ba yaƙi ke gabansu ba. Suka haɗa aure da gidan Tokugawa, suka zuba dukiya a sana'ar hannu, rini, wasan gargajiya, al'adar shan shayi da bugun zinare. Har ana ba da labarin cewa sarkinsu na uku, Toshitsune, da gangan yake barin gashin hancinsa ya yi tsawo don a ɗauke shi wawa, a daina zarginsa. Har yau kusan duk fallen zinaren da ake bugawa a Japan daga Kanazawa yake fitowa.

Abin da ido zai gani a Nagamaci

Unguwar tana bayan Korinbo, inda manyan shaguna da dogayen benaye suke. Ka sauka daga bas, ka yi tafiyar minti biyar da ƙafa, sai kawai hayaniya ta ɗauke. Lungu ne siriri da aka shimfiɗe da duwatsu, katangu masu launin ƙasa hagu da dama, sai ƙarar ruwa.

Abu na farko da na lura da shi, layukan ba sa miƙewa. Ka yi 'yar tafiya sai kwana, ka sha kwana sai hanya ta rabu biyu, wani lungun ma ba ya ɓullewa. Da gangan aka tsara su haka, don in abokan gaba sun shigo gari kada su samu hanya ɗoɗar zuwa fada.

Na biyu, katanga da ƙofa suna faɗa maka matsayin mai gida tun ba ka yi sallama ba. Girman filin da za a ba mutum, da irin ƙofar da aka yarda ya kafa, duk sun danganta da yawan kokunsa. Mai babban matsayi yana da doguwar ƙofa mai ɗakuna a gefe, inda barori ke kwana suna gadi, ga kuma bargar doki, kusan aikin da zaure yake yi a gidan mai sarauta. Akwai irin wannan ƙofa da aka gyara a tsohon gidan iyalin Takada, ana shiga a gani.

Na uku shi ne ruwa. Wata magudana da ake kira Onosho ta ratsa unguwar, ita ce mafi tsufa a garin, ta haura shekara 400. Daga kogin Sai aka jawo ta. Ta nan aka riƙa shigo da katako daga tashar jiragen ruwa lokacin gina fada, da ita ake kashe gobara, cikinta kuma ake zuba ƙanƙarar da aka kwashe daga hanya. Ruwan garau yake gudu. Wallahi na tsaya na duba da kyau, ban ga leda ko ɗaya ba.

Gidan mai koku 1,000 da gidan sojan ƙasa

Gidan da baƙi suka fi cika shi ne na iyalin Nomura. Kakansu, Nomura Denbei Nobusada, ya bi Maeda Toshiie zuwa garin, aka yanka masa koku 1,000. Kada ka ce duk aljihunsa suke shiga fa. Adadin amfanin gonakin da aka rubuta da sunansa ke nan, wani kaso yake samu, a ciki kuma zai ciyar da barori, ya riƙe dawaki da makamai don ranar da aka neme shi.

Ana biyan kuɗin shiga, a tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Da ka shiga sai ka yi kiciɓis da cikakken sulken samurai a cikin gilashi. Ciki akwai ɗakuna masu tabarmar tatami, rufin katako mai ƙamshi, ƙofofin takarda masu zane, da wani ɗaki da aka jera takubba, tsoffin kuɗi da wasiƙu. Amma lambun shi ne abin kallo. Bai da wani girma, sai dai an jawo ruwan Onosho ya shigo har gindin baranda, ga manyan kifaye masu launi suna yawo a ƙarƙashin ƙafarka, ga fitilun dutse, ga wata bishiya da ta haura shekara 400. A saman bene kuma akwai ɗakin shan shayi.

Daga nan sai na taka zuwa gidajen ashigaru, wato sojojin ƙasa, su ne 'yan ƙasan tsani a cikin mayaƙa. Gida biyu ne, na iyalin Takanishi da na iyalin Shimizu, an ɗauko su daga wata unguwa aka sake kafa su a nan, shiga kuma kyauta ne. Ƙananan ɗakuna, madafa, 'yar farfajiya, babu katangar ƙasa sai shingen shuke-shuke. Duk da haka sun fi takwarorinsu na wasu garuruwa gata, don a wurare da yawa sojan ƙasa a dogon gini mai ɗaki-ɗaki yake zama, irin gidan haya na fuska-da-fuska da muka sani a Legas. A Kanazawa kowa da gidansa da ɗan lambunsa. Wanda ya ga gidan Nomura bai ga waɗannan ba, rabin labari ya ji.

Yadda samurai suka ƙare

A 1868 mulkin Tokugawa ya faɗi, aka shiga zamanin Sarki Meiji. A 1871 aka soke ƙasashen sarakunan gargajiya gaba ɗaya. A 1876 aka hana yawo da takobi, aka kuma tsayar da albashin gado, aka sallami samurai da takardun lamuni na gwamnati. Mutumin da bai taɓa noma ko ciniki ba, rana ɗaya aka ce ya nemi na kansa. Wasu suka shiga aikin ɗan sanda, soja ko koyarwa, wasu suka jarraba kasuwa suka karye. Da yawa suka sayar da gidajensu.

Iyalin Nomura ma haka suka riƙa yankar filinsu suna sayarwa. Babban ɗakin baƙin da ake gani a gidan yau, daga gidan wani attajiri mai jiragen ruwa aka ciro shi aka kawo nan. Ka ga yadda duniya take juyi: ɗan kasuwar da a da yake ƙasa da samurai a jerin daraja, shi ne ɗakinsa ya zo ya zauna a filin samurai.

Saboda haka mai ziyara ya sani, yawancin gidajen da ke bayan katangun nan ba na zamanin samurai ba ne. Abin da ya saura daga wancan lokaci shi ne tsarin lunguna, magudanar ruwa, katangu da wasu ƙofofi. Kuma har gobe mutane ne ke zaune a ciki, da motocinsu da 'ya'yansu 'yan makaranta.

Me ya hana katangun faɗuwa?

Na farko sa'a ce. A yaƙin duniya na biyu jiragen Amurka ba su yi wa Kanazawa ruwan bama-bamai ba, alhali maƙwabcinsa Toyama an ƙone shi kusan ƙurmus a watan Agustan 1945.

Amma sa'a ba ta tare katafila. Bayan yaƙi, lokacin da Japan ta shiga rushe tsoho tana zuba kankare, sai Kanazawa ta kafa dokar kare tsoffin unguwanninta a 1968, ita ce ƙaramar hukuma ta farko a ƙasar da ta yi irin wannan doka. Mai gida a irin wannan unguwa ba ya tashi kawai ya gina abin da ya ga dama. A ɗaya ɓangaren kuma hukumar gari tana tallafa masa da kuɗi in zai gyara katanga ko ƙofa. A 1996 suka buɗe makarantar horar da masu sana'ar gini na gargajiya, kafintoci, masu yaɓe, masu sassaƙa dutse, masu rufi da masu lambu, don kada a wayi gari ga katanga amma babu wanda ya iya gyaranta.

Ita kanta katangar an yi mata dabara. Gindinta dutse ne don kada danshi ya hau, kanta kuma da ɗan rufi kamar malafa don kada ruwa ya zauna. Sai kuma tabarmin da na faɗa da farko, waɗanda suke kira komo. Dusar ƙanƙarar garin mai nauyi ce, jiƙaƙƙiya. In ta manne a jikin ƙasa, ruwa ya shiga ciki, dare ya yi ya daskare, sai ya kumbura ya tsattsage katangar, yaɓen ya riƙa zubowa. Tabarmar ita ke tare wannan, ta kuma kare katangar daga shebur lokacin da ake kwashe ƙanƙara.

A nan ne abin ya taɓa ni. Ai wannan ilmin ba baƙonmu ba ne. Iyayenmu sun san gidan ƙasa ba ya son komai kamar yaɓe kafin damina. Ganuwar Kano, da aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu wajen shekara 900 da suka wuce, ta girmi katangun Nagamaci nesa ba kusa ba, amma duk wanda ya je gida kwanan nan ya ga yadda ruwa da masu yankan fili suka yi da ita. Ƙasar dai ɗaya ce. Su can sun sa wa abin doka, kasafi da ranar aiki a kalanda.

Ga mai niyyar zuwa

Ɗan Najeriya sai da biza, ofishin jakadancin Japan kuma yana Abuja. Babu jirgi kai tsaye, sai an yada zango a wurare irin su Doha, Dubai ko Istanbul. Daga Tokyo, jirgin ƙasa mai gudun walƙiya da suke kira Shinkansen yana kai mutum Kanazawa cikin wajen awa biyu da rabi, tun da aka buɗe layin a Maris 2015. Daga tasha akwai bas zuwa Korinbo.

Yawo a lungunan kyauta ne, awa biyu zuwa uku sun isa a ga komai a natse. Ka tafi da safa mai tsabta don za ka tuɓe takalmi, ka riƙe lema ko da rana ta fito, don mutanen garin da kansu suna cewa gara ka manta abincin ranarka da ka manta lema. Ƙofar da ba a rubuta ana shiga ba, gidan mutane ne, kada a leƙa, kada a ɗaga murya. Wajen abinci a riƙa tambaya, don suna yawan sa naman alade da giyar shinkafa a girki. Akwai masallaci a ɓangaren jami'ar garin ga wanda Juma'a ta riske shi.

In da hali, a haɗa da lambun Kenrokuen da fadar Kanazawa, duk ana zuwa da ƙafa daga Nagamaci. Wanda kuma yake son ganin katangun cikin rigarsu ta kara, to ya daidaita tafiyarsa tsakanin Disamba da farkon Maris, ya kuma tanadi tasa rigar sanyin, don sanyin can ba irin hunturun da muka sani ba ne.

Allah Ya ba mai niyya iko, Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.