Yadda Mulki Ke Kumbura Tunanin Shugaba

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin wata cuta da ke kama masu iko, wato yarda da kai fiye da kima, inda mutum ke ganin saninsa ya zarce matsayinsa na gaskiya. A shekarar 2012, Nathanael Fast na Jami'ar Kudancin Kalifoniya a Amurka, tare da Adam Galinsky da wasu abokan aiki, suka wallafa sakamakon gwaje-gwaje 5. A cikinsu an sa wasu mutane su tuna lokacin da suke da iko a kan wani, sannan aka jefa musu tambayoyi, sai aka ga sun fi sauran tabbacin cewa amsoshinsu daidai ne, alhali ba su fi su sani ba. Da aka ba masu jin ikon damar sa kuɗi a kan amsoshinsu kuwa, hasara suka tafka.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, da aka sa masu ikon suka yi shakkar ƙwarewarsu, sai wannan ɗabi'a ta kau, wanda ke nuna cewa jin ikon a zuci ne ke ruɗar mutum. Wannan ne ya sa fadanci ke da haɗari, domin shugaban da kullum ba ya jin komai sai “ranka ya daɗe” ya rasa mai taka masa birki. David Owen, likita kuma tsohon sakataren harkokin wajen Birtaniya, ya bayyana a 2009 cewa alamomin girman kai na ƙara tsananta gwargwadon daɗewar mutum a kan kujera.